Aljihun Rigar Hajara

Ku da kuke zama a bencin ƙofar shagona kuna latse-latsen waya, na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya, wai in aiki ya gagara ai sai mutum ya buɗe wanki da guga, tunda ruwa ne da sabulu. Ban tanka ba, don dutsen guga na hannuna, ni kuwa ba na surutu da wuta a hannu. Yau gawayi ya ƙare, mai kawowa bai iso ba, to ku matso. Ni Sabo a nan Gwallaga na yi furfura a bakin baho, kuma labarin riga guda ɗaya tak zan ba ku. In kun ji, sai ku sake faɗa mini ruwa ne da sabulu.

Wata Asabar da hantsi keke napep ya sauke wata yarinya a ƙofar nan, ta shigo da leda rungume a ƙirji. Ta gaishe ni, ta ce sunanta Hajara, ɗalibar makarantar koyon jinya ce, a Inkil take zaune wajen gwaggonta. Ta kwance ledar, ta shimfiɗa mini farar rigar aikinta a kan tebur. Fara dai a suna, amma gaba da baya duk rubutun maka ne, alƙalamin nan mai kaurin baki da ake rubuta suna da shi a jikin buhu, wanda ruwa ba ya wankewa. Ga baƙi, ga shuɗi, ga ja. Wani ya rubuta sunansa, wani ya zana fure, wata har lambar wayarta ta bari a kafaɗa.

Kun san al'adar, wasunku ma sun yi. Ranar da ɗalibai suka rubuta takardar ƙarshe, kowa sai ya zo da farar tishat, abokai su yi ta rubuce-rubuce a jikinsa, a ɗauki hoto, a kai gida a ajiye. Ita Hajara ba ta zo da tishat ba, don tana da aiki a ɗakin marasa lafiya a safiyar, daga can ta wuce zauren jarrabawa da rigar aiki. Tana fitowa ƙawaye suka yi mata caa, kafin ta ce wani abu an cika mata baya, suna dariya suna cewa ai zai fita.

Ta ce, "Baba, za ta fita?"

Na ce, "Yaushe kike bukatarta?"

Ta ce, "Litinin da safe. Saura jarrabawar aiki, wadda ake yi a gaban gadon mara lafiya. Masu dubawa daga wani gari suke zuwa, kuma daga hijabi har takalmi suke kallo. Wanda kayansa ba su yi ba, a ƙofa ake mai da shi, sai kuma baɗi."

Na tambaye ta ko ba ta da wata. Ta ce ɗayar ta mutu tuni, ta yage a hammata, ta yi ja. Telan da ke ɗinka musu kuwa ya ce ko uwarsa ce ta zo sai bayan mako. Wato dai karatun yarinya na shekaru ya zo ya tsaya a kan teburina.

Abin da na fara yi, wanda ku ba za ku yi ba, shi ne ban taɓa ruwa ba. Na ɗaga rigar na kai ta bakin ƙofa wajen haske, na murza yadin da yatsa, na sunsuna. A bayan wuya na ji warin bilic, rubutun wurin kuma ya baje, ya yi dishi-dishi, yadin ya ɗan yi rawaya. Na ce, "Wa ya riga ni?" Ta sunkuyar da kai, ta ce gwaggonta ce ta gwada da tafasasshen ruwa da bilic, da ta ga bai fita ba ta sa dutsen guga wai ko zafi zai ɗauke. Na ce Allah ya saka wa gwaggo da alheri, amma da ta kwanta ta yi barcinta da ta fi taimakonmu.

Wannan shi ne abu na farko da maigidana ya cusa mini a kai. Oga Sande ake ce masa, mutumin kudu ne, yana da shagon wanki tun lokacin da ma'aikatan gwamnati ke sa kwat. Ubana ya kai ni wurinsa ina saurayi, na daɗe ina ɗibar ruwa da hura gawayi kafin ya yarda in taɓa kayan mutane. Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne, amma ba a taɓa rasa gane shi ba. In an kawo tabo sai ya riƙe mini wuyan hannu ya ce, "Sabo, kar ka ba shi zafi. Zafi shi ne yana aure tabo da riga." A wurinsa na koyi cewa jini ruwan sanyi yake so, manja sabulu busasshe yake so kafin ruwa, goro kuma haƙuri yake so. A wurinsa na fara ganin kwalbar sifirit, ruwan nan mai sanyi da ake goge fata da shi kafin allura, yana ɗiga shi a kan tawadar biro da ta fashe a aljihun wani akawu. Ya rasu ya bar mini dutsen gugarsa, ga shi can, har yau ban sami wanda ya kai shi riƙe wuta ba.

Amma maka ba a wurin Oga Sande na koye ta ba, don a zamaninsa ba ta yawaita ba. A muguwar shekara na koye ta, shekarar da aka rufe gari saboda annoba. Ba biki, ba ofis, ba makaranta, wa zai kawo wanki? Mutum yana zaune a gida da riga ɗaya, matarsa ta wanke masa. Bahona ya bushe har ƙadangare ya mai da shi wurin shan rana. Wasu abokan sana'a suka sayar da kayan aiki suka koma tuƙa keke, ni ma na yi tunanin komawa gona. Abin da ya hana ni haukacewa shi ne tsummoki. Na tattaro ƙyallaye daga wajen teloli, shadda da atamfa da yadin makaranta da farin likkafani, na sayi maka kala-kala, in rubuta, in bari ya bushe, in gwada fitarwa. Matata ta ce, "Malam, mutane na neman abinci, kai kana ɓata tsumma kana wankewa." Na ce mata ta bar ni, zaman banza ya fi wannan tsada.

A wannan zaman na gane cewa auduga zalla shan tawada take yi har cikin zare, yadin da aka gauraya da roba kuwa a sama yake riƙe ta, yana saki in an lallaɓa shi. Na gane baƙar tawada ba baƙa ba ce ita kaɗai, in ta fara narkewa sai ta koma shuni, daga nan ta bar wata inuwa mai taurin kai. Sifirit ya yi wuyar samu a kemis a lokacin, sai na gwada man goge hannun nan da aka ajiye a ƙofar kowane masallaci da banki, na tarar shi ma yana yi, har ya fi zama wuri ɗaya saboda kaurinsa. Ruwan goge farcen mata kuma ya cinye mini wani yadi har ya huje, daga ranar ban sake kusantar kayan mutane da shi ba sai na gwada a ɓoye. Da gari ya buɗe, malaman makaranta da masu shaguna suka fara kawo rigunan da maka ta ɓata, aka fara cewa a kai wa Sabo na Gwallaga.

To, rigar Hajara gauraye ce, na ji a yatsa, sai hankalina ya ɗan kwanta. Na ce mata yawanci zai fita, na bayan wuya ne ban yi alkawari ba. Sai ta sa yatsa a kan aljihun ƙirji. Na duba. Ashe duk rubutun rigar na boko ne, wannan kaɗai ajami ne, da baƙar maka, hannun wanda ya saba da alƙalamin kara da allo. An rubuta, "Allah ya yi miki albarka."

Ta ce, "Babana ne. Daga Zungur ya taso don ya ga na gama. Ya ga yara na rubutu a jikina, ya tambaya, aka ce masa fatan alheri ne. Sai ya miƙa hannu aka ba shi alƙalamin, ya ce in tsaya da kyau. Baba, ta yaya zan ce masa kar ya rubuta? Shi ne ya tsaya mini na yi karatun nan, lokacin da kowa ke cewa a bari."

Na ce, "Yanzu me kike so?"

Ta ce, "Dole ta yi fari. Amma wallahi ba na son a goge wannan."

Ni ma a raina ba na so, kuma dalilina daban ne. Ruwan wankina kwata yake bi. Tun da nake ban taɓa zuba wa sunan Allah sifirit na dirje shi na tura kwata ba, kuma ba a kan wannan rigar zan fara ba. Ga shi kuwa a ƙirji yake, wurin da idon mai dubawa zai fara sauka. Na ce ta tafi ta yi karatunta, ta dawo gobe bayan la'asar. Ban gaya mata dabara ba, don a lokacin ba ni da ita.

Na fara da baya. Ku saurara, don a nan aikin yake. Ba a zuba sifirit a fuskar rubutu a hau dirza, in ka yi haka ka mai da layi ɗaya ya zama tafki. Kifa rigar ake yi, rubutun ya kalli ƙasa, a sa farin tsumma mai kauri a ƙarƙashinsa, a kan tire, don kar tawadar ta ratsa ta kama wani gefen. Sai ka jiƙa auduga da sifirit ka riƙa dannawa ta baya, daga gefen harafi zuwa tsakiya. Tawadar ta hanyar da ta shiga za ta fita, ta sauka a tsumma. Tsumman yana ɗaukar launi ka matsar da shi zuwa wuri mai tsabta, in ka yi kasala ya mayar maka da abin da ya karɓa. Ƙofa a buɗe, dutsen guga a kashe a kai shi nesa, don sifirit da wuta ba sa haɗa ɗaki. Harafi bayan harafi ake bi, wuya ya ƙage, ido ya yi yaji. Shuɗin ya fita ba gardama. Jan ya ja ni rigima. Mai lambar wayar nan kuwa na yi mata addu'ar shiriya ba adadi, don ta danna alƙalami kamar mai sassaƙa turmi.

Duk inda na gama sai in goga sabulun sanda, in ɗauraye da ruwan sanyi, in ɗaga wa haske, ina kaffa-kaffa kar ruwa ya taɓa aljihun. Na yi sallar azahar, na dawo na ci gaba. Wajen la'asar na iso gaban rigar, na kewaye aljihun na share duk abin da ke gefensa, ya rage shi kaɗai. Na zauna ina kallonsa, ina juya shi. Da na sa yatsa ciki sai na ji bakin ɗinki, na tuna cewa aljihun irin wannan riga ɗora shi ake yi a sama, ba a jikin yadin yake ba.

Na ɗauki rigar na shiga shagon maƙwabciyata, Maman Chidi, tela ce, mun daɗe muna raba inuwar rumfa ɗaya. Tana haɗa kaya za ta rufe, don gobe Lahadi ba ta fitowa, coci take zuwa. Na nuna mata, na ba ta labari a gajarce. Ta ajiye jakarta, ta ɗauko tabarau.

Ta ce, "Malam Sabo, cire shi ba wahala. Amma sabon aljihu fa? Fari da fari ba ɗaya ba ne, in na sa wani yadi kowa zai gani."

Ta juya ƙasan rigar, sai ta yi dariya. Ashe telan makarantar ya bar lanƙwasa mai faɗi a ciki, irin wadda ake bari ko yarinya za ta ƙara tsawo. Ta ce, "Wannan yarinya ya gama girma, ba ya bukata." Ta sa reza ta warware aljihun zare bayan zare, ba ta yanki harafi ko ɗaya ba, ta miƙo mini shi da hannu biyu, don ta san abin da ke jiki. Sannan ta buɗe lanƙwasar, ta yanko abin da zai isa, ta mai da bakin rigar yadda yake, ta ɗinka sabon aljihu a kan sawun tsohon. A ƙarƙashin tsohon akwai ɗigo-ɗigon tawadar da ta ratso, ba harafi ba ne, na share su kafin ta ɗora. Da na tambaye ta ladan aikinta sai ta harare ni, ta ce in gaya wa yarinyar ta ci jarrabawa kawai.

Washegari da safe na wanke rigar gaba ɗaya da ruwan sanyi, na sa mata bula kaɗan da sitaci, na shanya. Sai da ta bushe na duba ta a rana, lungu da saƙo, kafin na yarda dutsen guga ya taɓa ta. Ba zan yi muku ƙarya ba, na bayan wuya bai fita duka ba. Inda gwaggo ta sa zafi ya bar inuwa kamar ta shayi, na bi ta na sake bi, ta ƙi. Na auna da ido, na ga ƙaramin hijabin da suke sawa zai sauka ya rufe wurin. Akwai tabon da ba ya fita, kuma mai wankin kirki yana faɗa wa mai kaya da bakinsa, ba ya ninke shi a ciki ya miƙa.

Bayan la'asar ta dawo, ba ita kaɗai ba. Wani dattijo ne a bayanta, dogo, siriri, da hula ta sha rana. Mahaifinta ne, Malam Haruna. Ashe bai koma Zungur ba, ƙanwarsa, gwaggon nan, ta yi masa faɗa cewa shi da girmansa ya taya yara ɓata wa yarinya riga. Muka gaisa, ya ƙi zama.

Ya ce, "Malam, ni ne na yi ɓarnar. Ban san da sauran jarrabawa ba. Na ga ana yi, na ɗauka haka dokar makarantar take."

Na ce, "Malam, zauna tukuna ka ga rigar."

Na warware ta a kan tebur. Hajara ta juya ta gaba da baya, na nuna mata inuwar wuyan, ta gwada da gefen hijabinta, ta ce ya rufe. Ta yi ta godiya, amma idonta na kan aljihu. Shi ma dattijon can yake kallo. Ya sa babban yatsa ya shafa wurin, fari fat, ba ko alama.

Ya ce, "Madalla. Ya fita tas." Ya janye hannunsa ya sa a aljihun rigarsa.

Sai na jawo akwatin da nake ajiye abin da na tsinta a aljihun mutane, na ɗauko ƙyallen tsohon aljihun, na riga na naɗe shi a farin hankici. Na ba Hajara. Ta buɗe, ta ga rubutun yadda yake, ko ɗigo bai goge ba. Ta kalli aljihun rigar, ta kalli na hannunta, sai ta rufe fuska da shi.

Dattijon ya ce, "Ashe ba ka wanke ba."

Na ce, "Tabo aka kawo mini in fitar, Malam, na kuwa fitar. Wannan ba ya cikinsu."

Ya karɓa daga hannunta, ya kai kusa da ido, ya daɗe yana dubawa. Can ya girgiza kai ya ce, "Da na san ajiyewa za a yi, da na gyara hannuna. A tsaye na rubuta, tana ta motsi." Hajara ta yi dariya da hawaye a fuska, ta karɓe abinta, ta ce haka take son shi.

Ranar Litinin ta shiga, ba wanda ya tsayar da ita a ƙofa. Yanzu tana aiki a wani ƙaramin asibiti a bakin gari, kuma har yau nan take kawo fararen kayanta, ko da yake akwai masu injin wanki kusa da ita. Ƙyallen ta kai wa baduku ya rufe shi da fata. In ta zo ajiye wanki takan laluba aljihu ta ciro shi tukuna, sannan ta miƙo mini rigar.

Ga mai gawayi can ya iso. Wanda ya ce ruwa ne da sabulu, tashi ka kama masa buhun, daga nan ake farawa.